Gidan da ke Ƙarƙashin Madatsar Ozell

Duk wanda ya tashi a ƙauyenmu ya san Ozell Broadnax da abu biyu: tafkinsa da ƙarancin maganarsa. Dogo ne siriri, tsufa ya ɗan ranƙwafar da shi, kuma in ka gaishe shi sai ya ɗan jima kafin ya amsa, kamar mai auna gaisuwar. Karatunsa bai wuce aji biyar ba, don a zamaninsu in auduga ta nuna, makaranta ce ke jira. Amma in ana maganar ƙasa da ruwa, a duk wannan yanki namu na Karolina ta Kudu a Amurka da wuya ka sami wanda zai ja da shi.

Yana ɗan shekara goma sha tara suka tare rafin da ya ratsa gonarsu, shi da mahaifinsa. Ba su da katafila. Alfadarai biyu gare su, da wani faffaɗan cebur na ƙarfe da alfadaran ke ja. Sai da suka haƙa har suka tarar da jan yumɓu mai danƙo, sannan suka fara zuba ƙasa. Su shimfiɗa kaurin tafin hannu, su kora alfadarai su tattake, su sake zubawa. Rani biyu suka yi suna wannan aiki. Da suka gama, madatsa ta tashi ƙafa ashirin da biyu, ruwa ya kwanta a bayanta wajen eka shida. Ranar da tafkin ya cika, tsohon ya gaya wa ɗansa magana guda: ruwan da ka tare bai yafe maka ba, kullum ƙofa yake nema.

Ozell ya riƙe maganar nan. Kowace safiya in ya sha kofinsa, sai ya sa dogon takalmin roba ya nufi madatsa. Baƙi ta samanta suke bi, don kallon ruwa. Shi ta baya yake bi, ta gindinta, inda ba abin kallo sai ciyawa. Akwai wani ɗan wuri a can da ruwa ke tsattsafowa kaɗan-kaɗan tun shekarar farko. Sai ya tara shi a kwalba, ya ajiye a kan dutse, ya ci gaba da zagaye. Yana tafe yana taka ƙasa da duga-dugansa ko zai ji inda ta yi laushi. In ya ga ramin ɓeran ruwa ya toshe da yumɓu. In ya ga ɗan tsiron itace ya tumɓuke, don saiwa in ta ruɓe hanya take bar wa ruwa. Da ya dawo sai ya ɗaga kwalbar ga hasken rana. In ruwan garau yake, lafiya lau. In laka ta kwanta a gindin kwalba, to ruwa ya fara kwashe madatsar ta ciki ke nan. Shekara hamsin da biyar yana ɗaga kwalba, bai taɓa ganin laka ba.

Tafkin nasa ne, amma kowa ya ci moriyarsa. Bai taɓa sa ƙofa ba. Ranar Asabar mutane kan jeru a bakin ruwa da sandunan fatsa, da yamma a barbaɗa wa tarwaɗa garin masara a soya a babban kasko. Da bazara a nan cocinmu ke yin baftisma, a gefen da ruwan bai wuce ƙugu ba. Rabin dattawan ƙauyen nan a tafkin Ozell aka tsoma su, a nan kuma suka koyi iyo, wasunsu ma a nan suka fara ganin matan da suka aura.

Wanda ya fi kowa zama a bakin tafkin shi ne Thurman Gaddis, abokin Ozell tun na ƙuruciya, tsohon direban motar 'yan makaranta, kakkaura mai baki kamar rediyo. Yana da kujerarsa da ba mai zama a kai. In ya hango Ozell yana hawowa da kwalba sai ya ɗaga murya:

"Likita, yaya mai jiki? Ta kwana lafiya?"

"Ta kwana."

"Wallahi da madatsar nan mace ce, da tuni ta haifa maka goma. Ko marigayiya matarka ba ta ga rabin kulawar nan ba."

"Ita ba ta yoyo," in ji Ozell, ya wuce abinsa.

Bayan 'yan shekaru ma'aikatan jiha masu duba madatsu sukan zo, su zaga, su aiko da takarda. Aji uku suke sa madatsu: mai babban haɗari, mai matsakaici, da mai ƙarami. Ta Ozell kullum a ajin ƙarami take. Shi kuwa ya ɗauki wannan a matsayin yabo, kamar sakamakon jarrabawa. Har gilashi ya sa wa takardar ya rataye a falo kusa da hoton matarsa. Ba shi kaɗai ba, duk masu tafki a yankinmu haka suka fahimci abin.

Ana nan sai aka sayar da gidan hayar da Loretha Simms take ciki. Loretha ita ke dafa abinci a makarantar firamare, tana zaune da mahaifiyarta, Iya Zelma, tsohuwa 'yar shekara tamanin da takwas wadda shanyewar ɓarin jiki ta zaunar a keken guragu. Aka ba su wata guda su tashi, kuma karo na uku ke nan cikin shekara biyar. Ozell ya ji labarin a coci. Washegari aka gan shi da a-kori-kurarsa cike da kwano da katako, ya gangara kwarin da ke bayan madatsa. Akwai wani tsohon gidan katako a can, gidan da aka haife shi, wanda tun da aka gina madatsar ba mai kwana sai damin ciyawa. Ya gyara rufi, ya ja ruwa da wuta, ya yi gangaren katako a ƙofa don keken tsohuwa. Ya je ya miƙa wa Loretha mabuɗi, ya ce, "'Yata, ku shiga. Ba mai sake tashinku."

Sun shekara guda da rabi a ciki lokacin da injiniyar jiha ta zo. Corliss Haynie sunanta, matashiya ce, ba ta kai jikar Ozell ba. Tana sauka daga mota ta nufi bayan madatsa kai tsaye, abin da ya sa ta burge shi ke nan. Ta durƙusa a wurin tsattsafo, ta ga kwalba, ta tambaya, ya yi mata bayani. Ta ce ta duba madatsu sun fi ɗari, ba ta ga wadda ake riƙo kamar wannan ba. Tana cikin magana sai idonta ya kai kan igiyar shanya a can ƙasa, zannuwa suna kaɗawa.

"Baba, wa ke kwana a gidan can?"

"Loretha ce da uwarta."

"A taswirarmu rumbun ciyawa ne."

"Da can ne."

Corliss ta sauka har ƙofar gidan tana ƙirga taku, ta dawo, fuskarta ta canja.

"Baba, zan gaya maka da bakina kafin takarda ta zo. Madatsarka za ta koma ajin babban haɗari."

Ozell ya dube ta. "Yanzu kika gama cewa ba ki ga kamarta ba."

"Na faɗa, kuma ban janye ba."

"To me ta yi?"

"Ba ta yi komai ba. Ajin nan ba lafiyar madatsa yake aunawa ba. Tambaya ɗaya yake amsawa: in ta ɓalle, wa ke ƙasa? Da ciyawa ce a ƙasa, sai aka ce ƙarami. Yanzu mutum biyu ne."

"Wato takardar da na rataye a falo..."

"Ta ciyawar ce, Baba. Yi haƙuri."

Ta zayyana masa abin da ajin ya ƙunsa. Dole a faɗaɗa mafitar rarar ruwa ta iya ɗaukar ruwan saman da ba a taɓa gani ba, a canja tsohon bututun ƙarfen da ke binne a cikin madatsa, injiniyoyi su zana, 'yan kwangila su gina. Ko ya sayar da gonar duka ba za ta biya aikin ba. In ba haka ba, sai a zubar da ruwan a yanke madatsa. Ya tambaye ta ko da wata hanya. Ta kau da kai, ta ce in gidan ya koma ba mai kwana a ciki, ajin zai koma inda yake, amma ita ba shawara ta ba shi ba, tambaya ta amsa. Kafin ta shiga mota ya sake tambayarta, in ta ɓalle minti nawa ruwa zai yi kafin ya kai gidan. Ta ce ba zai cika biyu ba.

Ranar ya sauke takardar daga bango ya sa a aljihun tebur.

Kafin mako ya zagayo labari ya gama ƙauye. Thurman ya same shi a bakin ruwa, ya ja kujera kusa.

"Mutumina, wai me kake ta saƙawa? Abin nan a fili yake. Mutum biyu a ƙasa, mutum ɗari biyu a sama. Mu haɗa hannu a coci mu samo musu ɗaki a gari, shi ke nan."

"Wane ɗaki? Mai matakala ashirin, kamar wanda suka baro?"

"To a ɗaga gidan a kai kan tudu."

"Gidan da ya girme ni? Kana ɗaga shi zai watse kamar kwandon da gara ta ci."

"To ka ce ɗakin ajiya ne mana! Ranar da 'yar injiniyar za ta zo a kwashe shanya, a tura tsohuwa gidan fasto ta sha shayi. Wa zai faɗa?"

"Ruwan ma za ka kai shi gidan fasto ya sha shayi?"

"Kai dai tun muna yara kanka kamar na alfadarin ubanka. Madatsar da ta shekara kusan sittin ko tari ba ta yi ba! Ni a ina zan zauna in ka zubar? A falonka, ina kallon wannan fuskar taka?"

Ozell ya ɗauki kwalbarsa ya gangara bayan madatsa. Gaskiyar ita ce maganar Thurman ta shige shi, don shi ma abin da zuciyarsa ke raya masa ke nan. Ya san madatsarsa kamar tafin hannunsa. Kwana goma yana zagaya ta safe da yamma, yana neman aibin da zai sauƙaƙa masa hukunci, bai samu ba.

A rana ta goma sha ɗaya Loretha ta hawo bayan ta taso daga aiki, ko rigar girki ba ta cire ba. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ajiye mabuɗi a kan benci.

"Baba, na ji komai. A kanti ma sai a yi shiru in na shiga. Ka yi mana abin da dangi ba su yi ba, ba za mu saka maka da raba ka da tafkinka ba. Ka ba mu zuwa ƙarshen wata."

"Ina za ku?"

"Allah ba zai hana mu wuri ba."

"Iya ta sani?"

"Ban gaya mata ba. Ta ce daga gidan nan sai makabarta, ban san ta inda zan fara ba."

Ya ɗauki mabuɗin ya mayar mata a tafin hannu, ya ce ta wuce gaba, zai je ya gaida tsohuwa.

Iya Zelma tana baranda, an lulluɓe mata ƙafafu da bargo, kofin shayi mai ƙanƙara a gefenta. Bakinta ya ɗan karkace amma harshen yana nan da kaifinsa.

"A'a, yau mai gida ne da kansa? Zauna, yaro. Ka rame. Ba mai dafa maka ne?"

Mutum mai shekara saba'in da shida ake kira yaro, ya kuwa zauna a kan matakala kamar yaron. A gidan nan aka haife shi, ya yi makonni yana gyaransa, amma bai taɓa zama a barandar ya ɗaga kai ba. Yau ya ɗaga. Madatsar ta tsaya a gabansa, koriya shar, ta tare rabin sama. Daga nan ba a ganin ruwa ko kaɗan. Sai can a ƙoli ya hango kan sandar fatsar Thurman, sama da rufin gidan nesa ba kusa ba.

"Tudun nan naka yana tare min iska," in ji tsohuwa. "Abu ɗaya ne ban saba da shi ba. Duk inda na zauna a duniya, kwaɗi a ƙasa suke kuka. Nan kuwa a saman kaina nake jin su."

Ya juya wajen Loretha. "In ta kama ku fita da gaggawa, daga gado zuwa mota, minti nawa?"

"In ina gida, kamar ashirin. Sai na ɗaga ta, na sa ta a keke."

"In kina wurin aiki fa?"

Loretha ta dubi uwarta, wadda da rana ita kaɗai ke gidan.

Da ya hau sama ya tarar da Thurman yana naɗe zarensa. Ya tsaya a gefensa suna kallon ruwa.

"Zan zubar," ya ce.

"Ka haukace. Wato ba ka yarda da aikin hannunka ba?"

"Na yarda da shi. Shekaruna ne ban yarda da su ba. Ɗana yana birni, rabonsa da bayan madatsar nan tun yana sakandare. Ranar da na kwanta, wa zai ɗaga kwalba? Kai?"

"Ni da gwiwar nan?"

"To ka gani. Kuma na ce da yarinyar nan ba mai sake tashinsu. Ban ce sai in abin bai taɓa ni ba."

Thurman ya ɗauki kujerarsa ya jefa a bayan mota. Wata biyu bai yi wa Ozell magana ba, ko a coci sai ya canja layi.

Corliss ta taimaka da takardun izini. Ozell bai yarda kowa ya zubar masa da ruwan ba. Ya ɗora dogon bututun roba ya haye madatsa, baki ɗaya a tafki ɗaya a rafi, ya cika shi da ruwa ya saki, ruwa ya dinga zuƙar kansa. Bai bari ya sauka fiye da taƙi guda a yini ba, don in aka yi garaje jiƙaƙƙiyar ƙasar ciki za ta zame. Ya kafa sanda a bakin ruwa yana yi mata tsaga kowace safiya. Mutane suna wucewa a mota suna rage gudu. Wasu su gaishe shi, wasu su kau da kai. Wata dattijuwa ta tsaya ta gaya masa a nan aka yi wa 'ya'yanta huɗu baftisma, ya ce ya sani, yana wurin, ya ba ta haƙuri. Mako bakwai aka yi, tafkin eka shida ya koma kududdufi, kifi ya taru har bayansu na fitowa.

Ya sa fasto ya yi shela cewa ranar Asabar kowa ya zo da bokiti. Ya yi zaton mutum ashirin za su zo, sai ga gari ya taso. Maza suka shiga laka har cinya suna jan taru. Aka kwashi masu rai a ganguna zuwa tafkunan maƙwabta, sauran kuwa aka kafa musu kasko huɗu. Can da hantsi sai ga Thurman, ya tsaya a gefe hannu a aljihu, yana cewa shi kallo kawai ya zo. Ba a jima ba aka jawo wata tarwaɗa mai tsawon hannun mutum, da tsohuwar ƙugiya a leɓenta. Thurman ya yi kururuwa ya faɗa cikin laka da takalmin cocinsa.

"Tawa ce! Ƙugiyata ce wannan! Shekara shida ina gaya muku, kuna cewa ƙarya nake!"

"Ka ce ta kai tsawon ƙofa," in ji Ozell.

"Ta rame ne, don baƙin cikin abin da ka yi mata."

Daga nan suka shirya.

Ranar Litinin katafila ta zo. Ozell ya tsaya a gefe da hularsa a hannu har aka yanka madatsar daga sama zuwa gindi. Direban ya sauko yana share gumi, ya ce shi dai bai taɓa yankan ƙasa mai tauri haka ba, kamar bulo. Corliss ta shiga cikin yankan ta shafa bangon da hannu. Jan yumɓu ne shimfiɗa kan shimfiɗa, ba rami, ba saiwa, ba inda ruwa ya ci.

"Baba, da ta ƙara wata shekara hamsin."

"Na sani," ya ce. Ya mayar da hularsa, ya tafi gida. Ba a gan shi ba kwana uku.

An cire sunan madatsar daga littafin jiha. Coci ya sayi babban kwatarnin baftisma, kuma har yau akwai masu cewa Ozell ya yi gaggawa. Bai taɓa musu da su ba. Rafi ya koma bin tsohuwar hanyarsa, yana wucewa ta gefen gidan Loretha, ruwan bai kai idon sawu ba. Da bazara ta zagayo Ozell ya shuka kankana a baƙar lakar da tafkin ya bari, Thurman yana zaune a kujerarsa a bakin gona yana ba da umarnin da ba mai bi.

Da kankanar farko ta nuna, Ozell ya saɓa ɗaya ya gangara ta cikin yankan ya kai wa Iya Zelma. Ya tarar da ita ta kare fuska da hannunta mai lafiya.

"Kai ne ka yi wannan aika-aikar ko? Da ina zaune lafiya a inuwa. Yanzu ka buɗe min wata ƙatuwar ƙofa, da la'asar rana har cikin idona."

"Iya, ki gode masa mana," in ji Loretha daga ciki.

"In gode masa ya makantar da ni? Yaro, ajiye kankanar nan ka dubi abin da nake gaya maka."

Ozell ya ajiye. Ya tsaya inda kekenta yake, ya duƙa daidai tsayinta, ya dubi inda ranar ke shigowa. Ya auna faɗin barandar da taku.

"Gaskiyarki, Iya. Rumfa take so."

Washegari da sassafe aka ji ƙarar guduma daga kwarin.